Muhawarar auren jinsi a Turai, da igiyar 'ya'yanmu da hukuma ba ta san da ita ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan batun da na san da yawa daga cikin masu karatu ba sa son ko jin sunansa. Ni 'yar Zariya ce, amma a Birmingham ta ƙasar Ingila nake zaune, kuma aikin tafinta nake yi a asibitoci da kotunan iyali da ofisoshin lauyoyi. Aikin nan ya zaunar da ni a ɗakunan da ake rabon gida da gado da riƙon 'ya'ya, na ga abin da takardar aure take yi wa mutum, na kuma ga abin da rashinta yake jawowa.

Duk lokacin da labarin auren jinsi ya isa gida, a dunƙule yake isa: Turawa sun halatta. Sai a yi a'uzubillahi a wuce. Ni Musulma ce, kuma abin da addinina ya faɗa a kan aure a fili yake, namiji ne da mace, da waliyyi da sadaki da shaidu. Ban ɗauki alƙalami don in taɓa wannan ba. Amma Turawan nan sun yi shekaru sama da ashirin suna jayayya a tsakaninsu, kuma jayayyar ba ta tsaya a kan a yarda ko kar a yarda ba. Akwai wata hanya ta tsakiya da suka gwada, wato rajistar zaman tare a gaban hukuma, wadda ke bai wa mutum biyu haƙƙoƙin ma'aurata ba tare da an kira abin aure ba. Ina so masu karatu su san yadda aka yi da ita, domin a ƙarshen zancen akwai abin da ke cin 'ya'yanmu mata a nan, kuma ba kowa ke faɗa ba.

Abin bai faro daga biki ba. Daga asibiti ya faro, da maƙabarta, da ofishin haraji. A shekarun 1980, lokacin da cutar ƙanjamau take kashe mutane a Turai da Amurka, an sha samun mutum ya yi jinyar abokin zamansa har ya cika, sannan dangin mamacin da suka daɗe da yanke shi su zo su karɓi makullin gida, domin a wurin doka wanda ya yi jinyar baƙo ne. A ƙasashen nan kusan komai a jikin takardar aure yake rataye: wa zai gaji gida idan babu wasiyya, wa zai ci fanshon mamaci, wa za a bai wa izinin zama a ƙasa, wa za a yafe wa harajin gado. A Ingila harajin gado kashi 40 ne cikin 100 na abin da ya haura fam 325,000, amma abin da miji ya bar wa matarsa ba a taɓa shi. A Amurka wata tsohuwa, Edith Windsor, da abokiyar zamanta ta rasu a 2009, gwamnatin tarayya ta caje ta dala 363,053 na harajin gado, kuɗin da ba za ta biya ko sisi ba da miji ne ya bar mata dukiyar. Ƙarar da ta shigar ce ta kai Kotun Ƙoli a 2013.

Denmak ce ta fara ɓullo da hanyar tsakiyar, a ranar 1 ga Oktoba, 1989. Hikimar ita ce: ku zo ku yi rajista, a ba ku gado da fansho da sassaucin haraji, amma sunan aure ya zauna inda yake. Faransa ta yi nata a 1999, wanda suke kira PACS. Jihar Vermont ta Amurka ta bi a 2000, Jamus a 2001, Birtaniya kuma ta fara aiki da nata a watan Disamban 2005. 'Yan siyasa sun ji daɗin wannan tsari ƙwarai, don ya ba su damar faranta wa ɓangare biyu. Barack Obama kansa a yaƙin neman zaɓen 2008 rajistar ya goyi baya, ba aure ba, sai a watan Mayun 2012 ya sauya matsayi.

Sai dai sulhun bai yi ƙarko ba, kuma a nan ne nake so a ɗan tsaya.

Masu neman a ba su aure sun ce in dai haƙƙoƙin iri ɗaya ne, ware musu suna dabam ba shi da wani amfani sai nuna cewa su 'yan baya ne. Kotun ƙolin jihar Massachusetts ta amince da wannan hujja a farkon 2004, lokacin da 'yan majalisar jihar suka tambaye ta ko rajista za ta wadatar, ta ce ba za ta wadatar ba, aka fara ɗaura aurarrakin a watan Mayun shekarar. Suna kuma da hujja ta zahiri. Rajistar da jiha ta bayar a jihar take tsayawa. Wani ofishin binciken gwamnatin Amurka ya ƙirga wurare 1,138 a dokokin tarayya da matsayin aure yake da tasiri a cikinsu, kuma rajistar jiha ba ta buɗe ko ɗaya ba. A jihar New Jersey, kwamitin da aka kafa don duba yadda tsarin ke tafiya ya ba da rahoto a 2008 cewa asibitoci da kamfanoni da yawa ba su ma gane takardar ba, sai mutum ya tsaya yana bayani a bakin ɗakin majinyaci. A nan Ingila kuwa cewa suka yi, duk fom ɗin neman aiki da mutum ya cika, da zarar ya nuna rajista gare shi ba aure ba, ya tona wa kansa asiri ga wanda bai tambaye shi ba.

A ɗaya ɓangaren, masu addini su ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Wasu sun karɓi rajistar a matsayin katangar da za ta kare aure, wasu sun ce aure ne aka sauya masa riga. Fafaroma Francis a 2020 ya nuna goyon baya ga dokar zaman tare, alhali cocinsa bai sauya koyarwarsa a kan aure ba. Majalisar Musulmin Birtaniya kuwa ta fito fili ta yi adawa da dokar auren lokacin da ake muhawara a kanta.

Akwai wata shari'a da ta tsaya mini a rai fiye da sauran. Wasu tsofaffin mata biyu 'yan uwa ɗaya uba ɗaya a yankin Wiltshire, duk sun haura shekara tamanin, sun rayu a gida ɗaya tun suna yara, sun yi jinyar iyayensu tare. Tsoronsu shi ne duk wadda ta riga mutuwa, ta bayan sai ta sayar da gidan kafin ta biya harajin gado. Suka nemi a yi musu sassaucin da ake yi wa masu rajista, suka je har Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, aka kayar da su a 2008, domin doka ta hana 'yan'uwan jini yin rajistar. A ganina nan ne tsarin ya nuna inda ya karkata. Da an buɗe shi ga duk mutum biyu da ke riƙe da juna, ya da ƙanwa, ɗa da mahaifiyarsa mai jinya, abokai biyu da tsufa ya haɗa, da ya zama dokar tausayi wadda ba ruwanta da shimfiɗa, kuma da mutane irina sun karɓe shi hannu biyu. Amma an zana shi ne daidai da aure, har da jerin dangin da aka haramta. Tun da kuwa an yi haka, ba a daɗe ba aka fara tambayar me ya rage ban da suna, kuma masu kare shi ba su da amsa mai ƙarfi.

Holan ce ta fara halatta auren kai tsaye, ranar 1 ga Afrilu, 2001. Denmak da ta ƙirƙiro rajistar ta koma aure a 2012. Faransa ta yi a 2013, bayan dubban ɗaruruwan mutane sun cika titunan Paris suna adawa. A majalisar Birtaniya an kaɗa ƙuri'a ranar 5 ga Fabrairu, 2013, 400 suka amince, 175 suka ƙi, kuma 'yan jam'iyyar Firayim Minista David Cameron da suka ƙi sun fi waɗanda suka bi shi yawa. Amurka ta rufe zancen ranar 26 ga Yuni, 2015, lokacin da Kotun Ƙoli ta halatta auren da rinjayen alƙali biyar a kan huɗu. Mutumin da shari'ar ke ɗauke da sunansa, Jim Obergefell, ba wani abu mai yawa ya nema ba a farko, so yake a rubuta sunansa a takardar shaidar mutuwar abokin zamansa a jihar Ohio. Italiya ce cikin manyan ƙasashen yammacin Turai ta tsaya a rajista, wadda ta kafa a 2016.

Akwai jita-jitar da nake yawan ji idan na yi waya gida, wai ana tilasta wa limamai a nan su ɗaura irin wannan aure. Ba gaskiya ba ne. Dokar auren jinsi ta Ingila ta 2013 ta ce babu wurin ibadar da zai ɗaura sai in shugabannin addinin ne da kansu suka nemi shiga, kuma ba za a kai limami ko fasto ƙara don ya ƙi ba. Cocin Ingila ma doka ce ta hana shi ɗaurawa. Wanda abin ya fi shafa shi ne ma'aikacin gwamnati. Wata Kirista, Lillian Ladele, mai aikin rajistar aure a wata ƙaramar hukuma a Landan, ta ce imaninta bai bar ta ta jagoranci rajistar zaman tare ba, aka hukunta ta a wurin aiki, ta kai ƙara har kotun Turai, ta sha kaye a watan Janairun 2013. Ni dai ina ganin da an so, da an raba aikin yadda kowa zai samu biyan buƙata ba tare da an matsa mata ba.

Bayan duk wannan sai rajistar ta samu masu so daga inda ba a zata ba. A Faransa, sama da kashi 90 cikin 100 na masu yin PACS namiji ne da mace, duk da cewa ba ta ba da gado sai da wasiyya, ba ta kuma ba da fanshon mamaci. A Ingila wani namiji da mace suka kai ƙara cewa an nuna musu bambanci da aka hana su rajistar, Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya a 2018, kuma tun ƙarshen Disamban 2019 namiji da mace ma na iya yi.

Malam Edita, ga inda zancen ya iso kanmu. A yau a Ingila akwai ma'auratan da hukuma ta sani, akwai masu rajistar da hukuma ta sani, sannan akwai dubban mata Musulmi da aka ɗaura musu aure da waliyyi da sadaki da shaidu da goro, amma a wurin kotu su 'yan zaman tare ne kawai, ba su da igiya ko ɗaya. Maza biyu da suka sa hannu a ofishin rajista sun fi matar Musulmin da ta haifa masa 'ya'ya biyar kariya a gaban alƙali. Mun yi shekaru muna tofin Allah tsine a kan takardar wasu, ana ga yaƙi muna ga ƙura.

Na san daga inda kuskuren yake tasowa. A gida Najeriya, auren da aka ɗaura a zaure ko a masallaci aure ne cikakke a wurin doka, ko ba a taka ofishin rajista ba. Idan an samu matsala, kotun shari'ar Musulunci tana nan, za ta raba gado, za ta yanke ciyarwa. Kuma auren da aka ɗaura a Kano ko Zinder bisa ƙa'idar can, Ingila tana amincewa da shi idan ma'auratan sun zo. Matsalar ita ce wanda aka ɗaura a nan, a falon gida ko a zauren biki ko a masallacin da ba a yi masa rajistar ɗaurin aure ba. Wannan, in ba a je an yi na hukuma ba, babu shi a littafi. Wani bincike da gidan talabijin na Channel 4 ya yi a 2017 a kan mata Musulmi sama da 900 ya gano kusan shida cikin goma ba su da auren hukuma. A watan Fabrairun 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci a shari'ar da ake kira Akhter da Khan: an ɗaura musu aure a wani gidan abinci a Landan a 1998, sun haifi 'ya'ya huɗu, sun yi kusan shekara goma sha takwas tare, amma kotu ta ce abin da aka yi ba ya cikin abin da doka ta sani da aure, don haka matar ba ta da hurumin neman rabon dukiya irin na matar da aka saka.

Na taɓa yi wa wata baiwar Allah tafinta a ofishin lauya, tana cikin takaba. Karatu ya kawo ta, aka ɗaura mata aure a nan da wani ɗan kasuwa mai 'ya'ya manya daga aurensa na fari. Ya yi ta cewa za su je rajista idan aiki ya lafa, sai ajali ya riga. Bai bar wasiyya ba, gidan kuma sunansa kaɗai yake ɗauke da shi. Lauyan ya yi mata bayani, ni kuma na mayar mata da Hausa: a dokar ƙasar nan komai na 'ya'yan ne, ita ba ta cikin magada. Ta dube ni ta ce, "Yaya, har tumunin takabar da Allah ya ba ni?" Na ce mata doka ba ta hana 'ya'yan su ba ta ba, amma ba za ta tilasta musu ba. Hanyar da ta rage mata ita ce ta shigar da ƙara a ƙarƙashin wata dokar 1975, ta tabbatar wa alƙali cewa sun zauna tare aƙalla shekara biyu ko shi ke ɗauke da nauyinta, wato ta roƙi abin da addininta ya riga ya mallaka mata, da kuɗin lauyan da ba ta da su.

Ba Ingila kaɗai ba ce. Afirka ta Kudu ta amince da auren gargajiya a dokar 1998, ta amince da auren jinsi a 2006, amma matan Musulmin ƙasar sai a watan Yunin 2022 Kotun Tsarin Mulki ta yanke cewa rashin amincewa da aurensu ya saɓa wa tsarin mulki, kuma wata ƙungiyar lauyoyi mata ce ta ja shari'ar shekara da shekaru. Faransa kuwa ta toshe ƙofar ta wata hanya, a can laifi ne limami ko fada ya riƙa ɗaura aure kafin a yi na ofishin magajin gari, kuma 'yan'uwanmu na Nijar da ke zaune can sun san haka.

Me ke hana mazajenmu zuwa rajista? Wasu rashin sani ne tsantsa. Wasu kuwa sun sani sarai. Sun ji cewa idan aure ya mutu kotu na iya raba gida biyu, ko kuma suna da niyyar ƙara aure, wanda a dokar nan laifi ne mai ɗaurin da zai kai shekara bakwai idan duka biyun na hukuma ne. Sai su lulluɓe tsoronsu da rigar addini, su ce auren kotu na kafirai ne. Wannan magana ba ta da tushe. Takardar hukuma ba ta warware igiyar da aka ɗaura, ba ta kuma hana mutum ya rubuta wasiyya a raba dukiyarsa yadda Alƙur'ani ya tsara, domin dokar Ingila ta bar wa mutum wannan 'yanci. Wanda yake tsoron rabon dukiya, ya zauna da matar da waliyyinta da lauya kafin aure a rubuta abin da aka amince. Amma ka ɗauko 'yar mutane ka kai ta ƙasar da babu alƙalin da zai saurare ta, kai kana riƙe da saki a bakinka da gida a sunanka, wannan zalunci ne ko da wane suna aka kira shi. Kwamitin da gwamnati ta kafa a ƙarƙashin Farfesa Mona Siddiqui, wadda ita ma Musulma ce, ya ba da shawara a 2018 cewa a riƙa yin rajista kafin ɗaurin aure ko tare da shi. Wasu masallatai sun fara neman ganin takardar kafin su ɗaura, Allah ya saka musu da alheri, amma ba su da yawa.

A gida wannan muhawara ta aure ko rajista ba ta taso ba, domin dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Janairun 2014 ta haramta duka biyun, da ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka yi, da shekara 10 ga wanda ya shaida ko ya taimaka. Abin da zan ce a nan ɗaya ne. Dokar ba ta naɗa kowa alƙali a unguwa ba. Idan na ga bidiyon matasa sun kewaye wani yaro da sanduna saboda zargi, ko saboda yanayin tafiyarsa, raina yana ɓaci matuƙa. Addinin da ya hana mu bincikar asirin mutane, ya kuma tanadi bulala ga mai ƙazafi, bai ba mu wannan izini ba. A wurin aikina ina haɗuwa da mutanen da suke cikin irin wannan zama, likitoci da nas-nas da lauyoyi, wasunsu sun tsaya wa matanmu tsayuwar da danginsu ba su yi musu ba. Ban bar aƙidata ba, su ma ba su nemi in bari ba, muna gaisawa cikin mutunci muna aikinmu.

Roƙona ga iyaye da ke karanta jaridar nan, musamman waɗanda 'ya'yansu mata ke karatu ko aiki a Ingila: idan an zo neman aure, kuma a can za a ɗaura, bayan tambayar asali da sana'a a ƙara da tambayar ranar zuwa rajista. Ana kai sanarwa ofishin ƙaramar hukuma ne, a jira kwana 28, sannan a je da shaidu biyu, kuma an fi so a yi wannan kafin ɗaurin auren ko a rana ɗaya. Idan a gida aka ɗaura, a karɓi takardar shaidar aure daga kotu ko ƙaramar hukuma, a bai wa yarinya tata a hannunta kafin ta hau jirgi. Wadda kuma ta riga ta shiga ba takarda, har yanzu za a iya zuwa a yi, kuma waliyyinta ne ya fi cancanta ya ɗaga waya ya yi wa surukinsa maganar, ba ita da ke cikin gidansa ba. A haɗa da wasiyya, a kuma sa sunanta a takardar gida. Malamanmu masu wa'azi a rediyo da Facebook, waɗanda 'yan ƙasar waje ke saurare fiye da yadda suke zato, ina roƙonsu su ware zama guda a kan wannan.

Wassalam.

Wata 'yar Zariya,
mazauniyar Birmingham, Ingila.